Ɗan yayana na son rawa, wai za a kai shi Ingila karatu: ku ba ni shawara

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau ni ce da tambaya, kuma don Allah wanda zagi ya kawo shi ya wuce abinsa. Ɗan yayana ne, shekararsa 14, yana aji 3 na ƙaramar sakandare a nan Kaduna. A hannuna yake tun rasuwar mahaifiyarsa. Yaron nan tun yana ɗan mitsitsi ko murfin tukunya ne ya faɗi sai ya taka. Shekara 2 ke nan yana zuwa wajen wani mai koyar da rawa a Barnawa duk Asabar, irin ta zamanin nan da ake juyi da ka a ƙasa. Makon jiya wani mutum ya ga bidiyonsa a Instagram, ya nemi lambata, ya ce shi wakilin wata makarantar rawa ne a Ingila, za su ɗauki yaron kyauta har ya gama sakandare. Sai dai wai mu tura naira miliyan 1 da dubu 800 kuɗin fom da biza cikin kwana 10, in ba haka ba a ba wani gurbin. Yaro ko abinci ya kasa ci don zumuɗi. Ubansa kuwa da na taɓa masa zancen, cewa ya yi ko bayan ransa. Ni ce a tsakiya. Da gaske ana samun irin wannan karatun? Sannan rawa abar da za a ɗora yaro a kai ce, ko in kashe maganar tun yanzu?

Ɗan Auta:
Hajiya, ki tura mini rabin kuɗin, ni zan koya masa a soron gidanmu, har da shaidar kammalawa.

Rabi'atu (Leeds):
Wa alaikumus salam. Maman Hanif, kada ki tura ko sisi. Ina Ingila shekara 9 ina aikin jinya, kuma na kawo 'ya'yana da kaina, na san yadda takardun nan suke tafiya. Makarantar da ta ga yaro ta yaba, ita da kanta take rubuto wa iyaye, da adireshin imel na makarantar, ba ta lambar wani a WhatsApp ba. Kuma ba a ɗaukar yaro daga kallon bidiyon Instagram kawai, sai sun gwada shi, ko dai ya je ko ya aika bidiyon gwaji da suka tsara abin da zai yi a ciki. In sun ɗauke shi sai su ba da wata lamba da ake kira CAS, da ita ake neman bizar ɗalibi yaro, wadda ake ba 'yan shekara 4 zuwa 17. Kuɗin biza a shafin gwamnatin Birtaniya ake biya kai tsaye, a je a ɗauki hoton yatsu a Abuja ko Legas, a yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi. Babu inda asusun bankin wani mutum ya shigo ciki. Gwamnatinsu ma tana wallafa jerin makarantun da ke da izinin ɗaukar ɗalibai daga waje. Ki tambaye shi cikakken sunan makarantar, ni zan duba miki.

Wani abu kuma: ko da gaskiya ne, sai da takardar amincewar mahaifi da sa hannunsa. Tunda uban yana raye, babu yadda za ki zagaye shi.

Malam Tukur:
Ni ba ta kuɗin nake ba. A ce ma kyauta ne har da guzuri. Maraya, ɗan shekara 14, a ɗauke shi a kai shi makarantar kwana a ƙasar Turawa don ya koyi rawa? Wa zai tashe shi sallar asuba? Wa zai kula da abin da yake ci? Mahaifinsa ya fi mu sanin abin da ya hango. Hajiya, amana ce a hannunki. Ki mayar da hankalinsa kan boko da islamiyya, wannan zumuɗin na ƙuruciya ne, zai wuce.

Bash Jos:
Allah ya gafarta Malam, a kan tafiyar ina bayanka, amma a kan cewa zai wuce, a nan muka rabu. Ni mai koyar da rawa ne a Jos, shekara 11 ina yi. Yaron da ya jure zuwa atisaye duk Asabar har shekara 2 ba zumuɗi ke ɗibarsa ba. Masu zumuɗi sati 3 suke yi, cinya ta fara ciwo su gudu.

Anti, amsar tambayarki ta farko ita ce e, ana samu. Abin da ya sa 'yan damfara suka samu ƙofa ma ke nan, don abin ya taɓa faruwa kowa ya gani. A 2020 aka ɗauki bidiyon wani yaro ɗan shekara 11 a Legas, Anthony Madu, yana rawar bale, irin ta Turawan nan da ake juyi a kan yatsun ƙafa, ba takalmi a kan siminti ana tsuga ruwan sama. Bidiyon ya zaga duniya. Makarantar American Ballet Theatre ta ba shi tallafin horo, daga baya a 2021 ya samu gurbi a Elmhurst Ballet School da ke Birmingham. Tun daga ranar kowane yaro mai rawa a ƙasar nan yake mafarkin nasa bidiyon. Abin da mutane ke mantawa shi ne ba ruwan saman aka yaba ba. Ƙwararru sun kalli yadda yake miƙe ƙafa da yadda yake juyi, suka gane an koyar da shi. Malaminsa Daniel Ajala ya buɗe Leap of Dance Academy a Ajangbadi tun 2017, yana koyar da yaran unguwa kyauta, shi kansa ta intanet ya koyi abin. Wato akwai shekaru na gumi kafin wannan ɗan gajeren bidiyon. Wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani ya yi ya sha duka.

Sannan ki lura, irin makarantun nan na bale ne. Yaronki abin da kika kwatanta birekin ne da rawar Afro. Makarantar bale ba za ta ga mai juyi da ka ta ce a kawo shi ba, kamar a ce kocin ƙwallon ƙafa ya ga ɗan dambe ya ce ya zo ya tsare masa gida. Wannan kaɗai ya isa ki gane mutumin nan bai san abin da yake sayarwa ba.

Maman Hanif:
Ikon Allah. Ni duk rawa ce a wajena. Malam Bash, to ko a mayar da shi balen ne, tunda ita ke da hanya?

Bash Jos:
A shekara 14 da wuya, Anti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu bale suna farawa tun suna 7 ko 8, manyan makarantunsu na kwana daga 11 suke ɗauka. Babbar gasar da ake tsintar yara a cikinta, Prix de Lausanne a Suwizalan, ta 'yan 15 zuwa 18 ce, kuma wanda ya je can ya riga ya yi shekaru yana atisaye kusan kullum. Ana ɗan sassauta wa maza saboda sun yi ƙaranci a fagen, amma sai da malamin da ya san aikin, kuma a Arewa ban san inda zan nuna miki da ƙwarin gwiwa ba. Ki bar shi a kan abin da jikinsa ya riga ya karɓa.

Zainab A.:
Ina so in amsa tambaya ta biyu, don ita ce ke cin uban a rai, kuma ita ce ta ci nawa uban. Na karanta fannin wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ranar da na ce shi zan karanta, Babanmu wata guda bai amsa gaisuwata ba. A wajen Bahaushe rawa ba ta da laifi in ta biki ce ko ta dandali, gaɗa kowace uwa a nan ta yi ta. Laifin yana farawa ne ranar da aka ce sana'a ce. Nan take sai a tuna da maroƙa da 'yan kama da gidajen gala, a ce ɗan mutunci ba ya yi. Ba addini kaɗai ba ne, har da maganar asali: wane gida ka fito, wa zai ba ka 'yarsa. Ya kamata mu faɗi wannan a fili, don sau da yawa muna fakewa da addini alhali surutun dangi muke tsoro.

Abin da zan ce shi ne akwai hanya ta cikin gida wadda ba ta raba yaro da boko. Zariya akwai sashen, Jos akwai, Bayero ma akwai. Ana koyon rawa a ciki tare da tsara wasa, haske, kaya, rubutu. Amma sai yana da kiredit a Turanci da adabin Turanci, kuma adabin yana cikin darussan da zai rubuta a JAMB. To tunda yanzu zai shiga babbar sakandare, lokacin zaɓen aji ne. Ki zaunar da shi ki ce masa in da gaske yake, ga littattafan da zai karanta. Yawancin tallafin karatu na waje da na ga mutanenmu sun samu, bayan digiri na farko ne, lokacin mutum ya mallaki hankalinsa. Wannan ya fi a cilla ɗan shekara 14.

Malam Tukur:
Malama Zainab, ba fakewa nake ba. Cakuɗuwar maza da mata, da shigar da ake yi, da irin kiɗan, waɗannan ba surutun dangi ba ne.

Zainab A.:
Ban da kai nake ba, Malam, Allah ya huci zuciyarka. Kuma abubuwan da ka lissafa gaskiya ne, na gan su da idona, akwai wasannin da na ƙi shiga saboda su. Amma ka ga sharuɗɗa ka kawo, ba ka ce motsa jiki da ƙa'ida shi kansa haramun ne ba. Kai ka fi ni sanin hadisin Habashawa da suka yi wasa da masu a masallaci, Nana A'isha tana kallo.

Malam Tukur:
Na san shi, yana cikin Bukhari da Muslim. Amma wasan mayaƙa ne da makamai ranar idi, maza zalla. Kada a ɗauko shi a lulluɓe abin da muke gani a TikTok da shi. In yaron zai tsaya a irin wasan motsa jiki na maza, ba tsiraici, ba ya hana shi salla da karatu, ni ban ce a ɗaure shi ba. Ƙetare ne ban yarda da shi ba, kuma har gobe ban yarda ba.

Issoufou Yamai:
Salamu alaikum daga Nijar. Abin da ke ba ni mamaki da ku 'yan Najeriya, da an ce waje sai Ingila da Amurka. Mu nan masu rawa in sun tashi neman ilimi, yammacin Afirka suke dubawa. A Senegal akwai École des Sables, a wani ƙauyen masunta da ake kira Toubab Dialaw, kudu da Dakar a bakin teku. Germaine Acogny ce ta kafa ta tare da mijinta Helmut Vogt. Matar nan ita ta shugabanci Mudra Afrique a Dakar daga 1977 zuwa 1982, makarantar da Shugaba Senghor da Maurice Béjart suka buɗe, kuma a 2021 aka ba ta kyautar Zakin Zinariya a Venis. Ɗaya daga cikin filayen atisayen nasu yashi ne zalla, a kansa ake taka rawa. 'Yan rawa daga ko'ina a Afirka suna zuwa horo na makonni. Nan kusa da mu kuma a Wagadugu akwai La Termitière, wadda Salia Sanou da Seydou Boro suka buɗe a 2006.

Wani abokina ya je irin wannan horon. Ya tafi yana ji da kansa, ya iya duk abin da Amurkawa ke yi a bidiyo. Ranar farko aka ce kowa ya fito ya nuna rawar garinsu, ya koya wa sauran. Ɗan Mali ya fito, 'yar Benin ta fito, aka zo kansa ya tsaya kamar an dasa shi. Ya ce mini bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da ya dawo, ƙauyen kakarsa ya wuce wajen Tasawa, ya zauna wata 2 yana bin makaɗa. Amma fa waɗannan wurare na manya ne masu sana'ar, ba na yaro ɗan lakwal, wato ɗan makaranta, ba. Ku ajiye sunan zuwa gaba.

Ɗan Auta:
Wato a sha wahalar zuwa Senegal don a ce maka koma ƙauyenku. Ni da na faɗa muku kyauta.

Baba Ɗanlami:
Jikana ne yake rubuta mini, ni ido ya yi rauni. An karanta mini maganar ɗan Nijar, shi ya sa na ce sai na sa baki.

Ni ɗan koroso ne. Shekara 19 na yi ina taka ta a Kano kafin gwiwa ta ce ya isa. Yaran yanzu suna ganin juyi da ka da tsalle da nannaɗe jiki daga Amurka aka kawo. Ku je ku kalli koroso da kyau. Mu muna ɗora mutum a kafaɗa, muna lanƙwasa baya har ƙeya ta taɓa ƙasa, ga abin kaɗawa ɗaure a ƙafa, kuma dole ƙararsa ta tafi daidai da sarewa da ganga. In ka kuskure taku ɗaya kowa ya ji, ba sai an gani ba. Kafin a bar ni in fito gaban jama'a sai da na yi wata 8 ina bayan fage, ina ɗaukar kaya, ina koyon taku kawai. Rawar nan ta sa na hau jirgin sama, ni da ko aji ɗaya ban yi a boko ba. Kuma duk inda muka je, ba wanda ya ce mu yi masa rawar Turawa. Tamu suka biya kuɗi su gani.

To amma 'yata, kada in yi miki daɗin baki. Da ƙarfi ya ƙare, ba abin da na tashi da shi. Waɗanda muka yi wa aiki, ba zan kama suna ba, hannu suka ba mu suka ce mun gode. Da ɗinkin hula nake ci yanzu. Abokan tafiyata da suka ji daɗi su ne waɗanda suka haɗa da karatu ko wata sana'a. Rawa ta samari ce, jiki ne jarinta, kuma jarin yana ƙarewa. Uban yaron ba mahaukaci ba ne. Ki bar yaro ya yi rawarsa, amma da littafi a ɗaya hannun.

Zainab A.:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Wannan maganar ta fi duk abin da na koya a aji.

Awudu Nima:
Gaisuwa daga zangon Nima a Akra. Nan Gana abin ya ɗan bambanta, don tun zamanin Nkrumah, 1962, aka kafa Ghana Dance Ensemble, kuma a jami'ar Legon akwai sashen nazarin rawa, mutum yana yin digiri a kai ba wanda zai yi masa dariya. Na zamani kuma akwai DWP Academy, yara da yawa sun fito ta nan. A 2024 Afronita da ƙaramar yarinya Abigail, wadda kurma ce, sun zo na 3 a gasar talabijin ta Britain's Got Talent, gari duk ya ɗauka. Kafin su, Ghetto Kids na Yuganda sun kai zagayen ƙarshe a 2023. Amma mu a zango har yanzu irin taku muke fama da ita, uba zai yi tafi in ɗan maƙwabci ya fito a talabijin, nasa kuwa ya ce kul.

Abin da zan ƙara: gasa daban, makaranta daban. Gasa sati nawa ce, a yi tafi a watse. Kuma duk wanda ya ce zai sa yaro a ƙungiya ya riƙa fita da shi, a tambaye shi kuɗin da ake samu ina suke shiga, wa ke riƙe da fasfo, yaushe yaro zai je makaranta. Na ga yaran da aka yi ta yawo da su, manya suka gina gidaje, su ko takardar sakandare ba su da ita.

Hauwa Gombe:
Ina ta karantawa ina jira wani ya ce in mace ce fa? Ƙanwata ta fi duk mazan unguwarmu iya taku, amma ko a bikin gida ta cika rawa sai Inna ta harare ta. Shi wannan ana muhawara a kansa don namiji ne. Ita ko zauren ba za a kawo maganarta ba.

Rabi'atu (Leeds):
Gaskiya kika faɗa, Hauwa. Akwai wata yarinya Musulma a Ostareliya, Stephanie Kurlow, da ta yi suna wajen 2016 saboda ta dage sai ta yi bale da hijabinta. Ko a can sai da ta sha wahalar samun makarantar da za ta karɓe ta a haka. Nan garin da nake akwai azuzuwan motsa jiki da rawa na mata zalla, malama mace, ƙofa a rufe, matan Pakistan da Somaliya sun cika su. Ban ga abin da zai hana a yi irinsa a Gombe ko Kano ba, in an samu mace mai koyarwa.

Malam Tukur:
Mata zalla, a killace, wannan ba ni da ja.

Bash Jos:
Bari in koma kan yaron, don Anti ta samu abin riƙewa. Birekin ba wasan banza ba ne yanzu, an yi gasarsa a wasannin Olamfik na Faris a 2024, duk da an cire shi daga na Los Angeles na 2028. Kuma akwai ɗan ƙasar nan da ya bi irin hanyar: Qudus Onikeku, daga wasan tsalle-tsalle a Surulere ya fara, ya je Faransa ya yi karatu a babbar makarantar wasannin motsa jiki ta ƙasar, ya dawo ya buɗe QDance Center a Legas a 2014. Ya tafi ne da wayonsa, kuma abin da ya sa Turawa suke kiransa shi ne abin da ya ɗauko daga al'adar Yarbawa.

Abin da nake sa iyayen ɗalibaina su yi: ki je wajen atisayen da kanki ba tare da sanarwa ba. Ki ga a kan me suke rawa, don juyi da ka a kan siminti tsirara yana lalata wuya da wuyan hannu. Ki ga ko ana ɗumama jiki kafin a fara. Ki ga su wa ke shiga da fita, ana shaye-shaye a wajen ko ba a yi. In malamin ya ɓata rai don kin zo, ki cire yaron ranar. Sannan a riƙa ɗaukar bidiyonsa na gaskiya duk bayan wata 3, waya a tsaye wuri ɗaya, jiki gaba ɗaya a ciki, ba yanke-yanke, ba ƙawa. Irin wannan makarantu ke nema, ba na Instagram ba. Shafin nasa kuma ya dawo hannunki, ki cire sunan makarantarsu da unguwarku. Ta nan wannan mutumin ya shigo.

Maman Hanif:
Wallahi ko sau ɗaya ban taɓa leƙa wajen ba, kuɗin mota kawai nake ba shi. Na ji kunya. Anti Rabi'atu, na tura miki sunan makarantar da ya ba ni ta akwatin sirri.

Rabi'atu (Leeds):
Na gani. Makarantar akwai ta da gaske, shi ya sa suka zaɓi sunan. Na rubuta musu, mu jira.

Issoufou Yamai:
Kafin nan ki ce masa kuɗin sun samu, amma kina so ki biya a asusun makarantar. Ki ga abin da zai ce.

Maman Hanif:
'Yan zaure, na dawo bayan kwana 6. Makarantar ta amsa wa Anti Rabi'atu: ba su da wakili a Najeriya, ba su san sunan mutumin ba, kuma ba sa ɗaukar kowa sai ta gwaji. Shi kuwa da na yi masa maganar asusun makaranta, sai ya ce ai na makarantar yana da matsala, ya rage mini zuwa dubu 900. Da na tura masa hoton amsar, ko minti 5 ba a yi ba ya toshe ni.

Yaro ya yi kuka kwana 2, har cewa ya yi ni na ɓata masa. Na bar shi ya huce, sannan na ba shi wayar ya karanta zancen nan tun daga farko. Wajen maganar Baba Ɗanlami ya fi daɗewa.

Ranar Asabar na je Barnawa. A kan siminti suke yi, kwali kawai suke shimfiɗawa. Malamin dai ya karɓe ni hannu biyu, har ya ce da iyaye suna zuwa da ya ji daɗi. Mun yi magana da wasu iyaye 3 za mu haɗa kuɗi a sayi katifar atisaye. Yaya kuma ya zo jiya. Ban ce ya sauko ba. Cewa ya yi zancen ƙetare kada a sake yi masa shi, atisayen Asabar kuma ya yarda a ci gaba, da sharaɗin in sakamakon jarrabawa ya faɗi, rawa ta faɗi tare da shi. Ya kuma ce kada ya ji an kira ɗansa ɗan rawa a cikin dangi. Na ce to.

Malam Tukur:
Alhamdu lillahi da kuɗin ba su tafi ba. A dai kula da sallarsa ranar Asabar ɗin, la'asar ce ke yawan salwanta a irin wuraren nan.

Ɗan Auta:
Tayina na soro yana nan, na rage zuwa dubu 900.

Baba Ɗanlami:
'Yata, in an yi dogon hutu kuma ubansa ya yarda, ki kawo mini shi Kano ko sati 2 ne. Tsalle ya fi ƙarfina yanzu, amma taku yana nan, kuma akwai yarana da za su nuna masa sauran. Jikana zai ba ki lamba. Ya zo da gajeren wando mai kauri, takalmin nan nasu na zamani kuma ya bar shi a gida, da tafin ƙafa ake farawa.